Wankan Jegon Autarmu

A ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, in ana maganar wankan jego to an zo gidana. Ba yabon kai ba, duk wadda ta bi ta hannuna sai ta fita arba'in tana sheƙi. Ruwana ba ya hucewa, ganyen darbejiyata ba ya kwana, kuma ba na sauraron kukan mai jego. Matan da ke sirka ruwa da zarar an ce wayyo, ragwaye nake ce musu a gaban idonsu.

Shekarar da autarmu ta yi haihuwa ta uku, Innarmu ta riga ta rasu, sai mijin autar ya kawo mini ita wanka. Cikin ya ba ta wuya, ga shi 'ya'yan kusa da kusa suka zo. A wajen awo an gaya mata jininta ya hau, an ce ta koma bayan ta sauka a sake aunawa. Da ta faɗa mini sai na yi tsaki. Na ce wace mai jego ce ke yawon asibiti da ɗanyen jiki, iska tana kaɗa ta? Mu sanyi muka sani abin tsoro, shi aka koya mana kora.

Damina ce, itace duk ya jiƙe, amma ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Safe da yamma ina durƙushe gaban babbar tukunyata, hayaƙi na cin idona, har ruwa ya tafasa. In tsoma ganye in fyaɗa mata, tana kiran sunan Allah ina cewa ta daure. Daga nan ta shanye kwano guda na kunun kanwa, ni kuwa ba na awon kanwa, zubawa kawai nake. In kai mata kaskon garwashi ɗaki in ja ƙofa.

Wajen sati biyu ta fara cika. Fuska ta yi fam, ƙafafu suka yi nauyi. Mata masu zuwa barka suna ta tafa hannu.

"Kai, jego ya karɓe ta! Sannunki da ƙoƙari."

Ni kuwa kaina ya kumbura. Ranar da takalminta ya ƙi shiga na tsokane ta, na ce sai mijinta ya fasa ƙofa kafin ta koma. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama tari.

Da tarin ya lafa ta ce, "Yaya, in na kwanta numfashina sama-sama yake. Sai na jingina da bango nake samun sauƙi."

Na ce, "Sanyi ne bai gama fita ba. Ke dai kin cika raki."

Washegari na ƙara kanwa a kunun.

Kwananta ashirin da bakwai, da hantsi, ta fito daga makewayi ta kasa kaiwa ɗaki. Nan gindin turmi ta durƙusa tana haki, leɓenta ya yi fari. Aka kira mijinta daga gona, muka shiga motar haya zuwa birni, jaririya a bayana.

Likitar mace ce, na haife ta ma. Ta sa babban yatsa ta danna ƙaurin autarmu, ta ɗaga. Wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, ya ƙi tasowa.

Ta ce, "Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciyarta ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata."

Ta tambayi abin da take ci da yadda ake mata wanka. Wallahi da alfahari na fara lissafawa, ina jiran a yaba. Sai da na ga ta ajiye biro ta zuba mini ido sannan bakina ya mutu. Na ce mata ta faɗa mini tsakani da Allah, ni na jawo? Ta ce ba za a ɗora wa abu ɗaya ba. Akwai hawan jinin, akwai haihuwa ba hutu, wasu ma ba a yi musu irin wankan ba ciwon yake kama su. Amma kanwa tana riƙe ruwa a jiki, zafin kuma ƙarin wahala ne ga zuciyar da ta riga ta raunana, kuma da an kawo ta tun farkon kumburin da ya fi. Ba ta ce ni ce ba, ba ta kuma ce ba ni ba ce. A nan ta bar ni, a nan nake har yau.

Wata huɗu ta yi tana shan magani, ta rasu ana yankan dawa. Ana saura kwana biyu ta kama hannuna ta ce, "Yaya, duk garin nan ba wadda aka yi wa wanka irin nawa. Allah Ya biya ki." Ba gatse take ba, har zuciyarta ta faɗa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na kife tukunyar a bayan rumbu, ban sake taɓa ta ba. Amma ko a gidan wa na wuce na ji warin darbejiya cikin ruwan zafi, sai in ji tarin nan a bayana, har sai na waiga.

Jaririyar ni na raine ta, Inna take ce mini. Bana ta haihu, yanzu haka tana ɗakin da uwarta ta zauna. Ruwa mai ɗumi nake ba ta, kunun gyaɗa nake dama mata, sau biyu na kai ta awon jini ana kallonmu ana zunɗe. Surukarta ta aiko da ƙullin kanwa, wai ko tsufa ya sa na manta. Matan da na kira ragwaye sun samu abin yi.

Jiya da safe yarinyar ta ture kwanon kunu, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, kowa ya ce ke ce gwanar wankan garin nan, har mahaifiyata kin yi wa. Me na yi miki ni kike min na ganin dama?"

Ban taɓa gaya mata ba, jiyan ma na kasa. Cewa na yi ta miƙo ƙafarta. Na danna ƙaurin da babban yatsa, na ɗaga, naman ya taso nan take. Duk da haka na sake dannawa.