Kifin Ƙarfen Kaka

Sanyin Madina ba ya wasa, kuma a gidanmu na unguwar Ƙiblatain kasko ɗaya ne na gawayi, yana gaban Kaka. In kana son ɗumi bayan magariba, dole ka sha labari. A shekarar da Yaya Habu ya ƙeƙasa ƙasa sai ya shiga sojan ruwa, gidan nan ba wanda ya zauna lafiya. Baba ya shiga ya fita, Umma ta ƙona shinkafa, ni kuwa ko barcin kirki ba na yi. Kaka ta rantse za ta hana shi tafiya, kuma ba ta da makami sai bakinta.

"Ku matso," in ji ta. "Wannan ba ta Gizo ba ce, da idona na gani."

Tana amarya suka baro Kano ita da kakanmu, za su aikin Hajji, da ƙafa har Sawakin inda ake tsallaka teku, lokacin yaƙin Turawa. Suka shiga sambuk, wato kwalekwale mai filafilai, maza duk sun ɗaura harami tun a bakin teku. Gari na wayewa suka hango wani babban jirgi can nesa. Sai ga farin layi yana tsaga ruwa, ya miƙe sak zuwa cikinsa. Ƙara, wuta, hayaƙi, shi ke nan.

"Kifin ƙarfe ne yake tofo ɗansa," ta ce, tana zaro ido.

"Gawwasa, ya Sitti," Yaya ya gyara mata, don shi da Larabci yake amsawa, yana nufin jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. "Ɗan kuma turbid, bom ɗin da yake harbawa."

"Rufe min baki! Kana wurin?"

Mai sambuk ya ruɗe, ya ce fararen haramin nan za su tona musu asiri, kowa ya kwanta ya lulluɓe har kai da buhunan gawayi, kada a ji ko tari. Ina! Mutanen da suka taka ƙasa wata da watanni don wannan haramin, a ce su rufe kai su ɓata shi? Kakanmu ya miƙe tsaye tsakiyar kwalekwale, kai a buɗe, ya ɗaga murya da Labbaika, sauran suka kama. Mai sambuk har kuka ya yi.

Ruwa ya dare, baƙin abu ya taso kamar tudu, kusa da su. Murfi ya buɗe, wani Bature ya leƙo da madubin hange. Ya duba su, ya sake dubawa, ya daɗe. Sannan ya koma ciki ya ja murfinsa, abin ya nutse.

A nan take tsayawa kullum. Ba ta taɓa rufe wannan labarin yadda take rufe sauran ba, sai dai ta tona gawayi ta ce, "To ka ji abin da ke cikin ruwa, Habu."

Ran da ta maimaita shi na ƙarshe, Yaya ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Sitti, mutumin da ya duba bai harba ba, wurinsa nake so in tsaya."

Wallahi na ga fuskar Kaka ta faɗi. Labarin da ta ɗauko don ta ɗaure shi, shi ya tura shi. Bayan Sallah ya tafi, aka sa shi a jirgin yaƙi, a ɓangaren turbid ɗin ma. Daga nan tatsuniya ta mutu a gidanmu. Rediyo ya maye wurinta, kullum an harbi jirgi a tekun Halij, Kaka na jan carbi, tana tashi tana zama. Na daɗe ina jin haushinta, ina cewa bakinta ya ja mana.

Sai da na girma na gane mu tsoro muka ji a labarin, shi kuwa mutumin da bai harba ba ya ji. Ina jin ita ta riga ni ganewa, don ran da ya dawo hutu, ya rame ya yi baƙi, ko gajiyar hanya ba ta tambaye shi ba. Ta kama hannunsa ta ce, "Ka harba?"

"La, ya Sitti. Ban harba ba."

Ta saki hannun, ta jawo kaskonta, ta ce, "To, ƙurunƙus."