Ranar da Motata ta Ƙi Gudu a Hanyar Kachia

Cikin duk abin da ya taɓa faruwa da ni a harkar mota, akwai guda ɗaya da ko tsufa ya kwashe mini tunani ba na jin zai tafi da shi. Shi ne ranar da motata ta ƙi gudu a hanyar Kachia, ga mahaifiyata a kujerar baya, ni kuma ina ta surfa wa mutumin da ya cece ni masifa.

Ni mutum ne mai son gudu, ba zan ɓoye ba. A lokacin ina aikin walda a wani kamfani da ke wajen Rido, muna zaune a Unguwar Boro da matata da yara biyu. Na sayi wata mota 'yar Kwatano mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Turbon da ta zo da shi ya gaji, sai na ce tunda za a canja, a sa wanda ya fi shi girma. Abin da ban sani ba shi ne, in ka ƙara wa inji iska, dole a sake koya wa ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, yawan man da za ta riƙa bayarwa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In aka kuskure, fistan ne zai narke, injin ya buga. Mu kuwa motar nan ita kaɗai gare mu. Matata ta faɗa mini ba kwana-kwana: "Baban yara, in ka kashe injin nan, sai dai ka riƙa goya mu zuwa coci."

Masu saitin inji biyu aka kwatanta mini. Na farkon wani matashi ne a Unguwar Mu'azu, shagonsa fes, kwamfutarsa sabuwa. Ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Oga, no wahala. Akwai saitin da Turawa suka yi wa irin motar nan. Zan sauko da shi daga intanet in zuba a birenbos ɗinka. Awa ɗaya ka kama gabanka." Gaskiya maganarsa ta yi mini daɗi.

Na biyun wani dattijo ne mutumin Filato, garejinsa na can wani lungu a Sabon Tasha, kowa Baba yake kiransa. Shi ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa inji, ya buɗe but, sannan ya zaunar da ni a benci ya shiga yi mini tambayoyi kamar wanda ya zo neman auren 'yarsa. Mutum nawa nake ɗauka? Wace hanya na fi bi? Daga ƙarshe ya ce, "Ƙanena, a ina kake shan mai?"

Nan fa na shirga ƙarya. Na ce gidan mai ɗaya tak nake zuwa, babba, mai kyau. Alhali kuwa ni da na hango layi ya yi tsawo, wajen 'yan bumburutu nake nufa, a juye mini jarka a bakin titi in wuce. Baba ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Ya bayyana mini cewa saitin Turawa an yi shi ne don mansu da sanyin ƙasarsu. Shawararsa ita ce a cire birenbos na asali, a sa wanda ake iya saitawa yadda ake so, wanda ke sauraren inji da kansa, in ya ji abu ba daidai ba ya rage ƙarfi. Aikin zai ɗauki kwana uku. Na koma gida ina juya maganar. Abin da ya raba mini gardama sana'ata ce: ni ban taɓa yin waldar bututun da ban gani da idona ba. Mutumin da bai buɗe bonet ba, yaya zan miƙa masa injina? Sai na zaɓi Baba, amma ba da cikakkiyar zuciya ba.

Ranar saitin ƙarshe na sake yin wata wautar. Na cika tanki da mai mafi kyau da na samu, na kuma juye wata kwalbar sinadarin ƙara wa mai ƙarfi a ɓoye, don injin ya nuna bajinta Baba ya sakar mini ƙarfi da yawa. Shi kuwa ya ce ba zai fara ba sai tsakar rana, lokacin da kwalta ta ɗau zafi. Ya sa aka loda buhun masara uku a baya, wai su ne matata da yara da kayan ƙauye. Ya ɗaure wani guntun bututun tagulla a jikin injin, ya jona masa tiyo, ya zuro ta taga ya kai kunnensa. Ina tuƙi, shi yana gefe da kwamfuta a cinya, ido a rufe rabi, yana sauraro. Mun hau mun sauka a titi ɗaya ya fi sau goma. Can sai motar ta yi wata irin fizga, har bayana ya manne da kujera. Na yi ihu don murna. Baba ya danna wasu maɓallai, fizgar nan ta ragu.

Na ce, "Haba Baba, me ya sa ka rage?"

Ya ce, "Wancan na 'yan tsere ne. Kai iyali kake ɗauka."

Na tafi ina gunaguni, ina cewa tsoho ya cika tsoro.

Bayan 'yan makonni Ista ta zo. Mama ta yi wata uku a wurinmu tana ganin likita, ta kuma rantse ba za ta yi Ista a birni ba, sai a cocin ƙauyenmu. Aka yi rashin sa'a ana wahalar mai, layi ko'ina. Muka kama hanyar ƙauye da Mama da matata da yara. Ni kuwa na saba, a Mararrabar Rido na tsaya wajen 'yan bumburutu aka juye mini jarka biyu. Mun wuce Kujama, rana ta take, muka iso wani hawa. Na taka totur da ƙarfi don in nuna wa matata abin da ta yi ta ƙorafi a kai. Sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana, motar ta yi laƙwas, ta koma jan jiki. Na ce shi ke nan, injin ya tafi, ga tsohuwa marar lafiya a tsakiyar daji.

Na gangara ƙarƙashin wani mangwaro na kira Baba. Don haushi ban lura wayar na haɗe da sifikar mota ba, kowa na ji. Na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ƙanena, wane mai ka sha yau?"

Na shiga kame-kame.

Ya ce, "Tun ranar farko na ga mazurarin nan na yankakkiyar gora a but ɗinka. Mai shan mai a gidan mai ba ya yawo da mazurari. Motarka ba ta lalace ba. Ta ji injin ya fara ƙwanƙwasa saboda man, shi ya sa ta janye ƙarfi. Da na bar maka saitin da ka yi wa ihu, da yanzu fistan ɗinka ya huje. Abeg, tafi a hankali, kada ka taka da ƙarfi. In ka sami gidan mai ka cika da mai kyau, za ta dawo daidai."

Matata ta juya tana kallon taga, kafaɗunta na rawa don dariya. Mama kuwa daga baya ta ce, "Ashe ba ka daina ba. Tun kana ƙarami in an kai ka asibiti sai ka ce wa likita babu inda ke maka ciwo."

Haka muka ci gaba, 'yan acaɓa na wuce mu. A Kachia muka sami mai, bayan 'yar tafiya kaɗan fitilar ta mutu, motar ta warware. Mama ta yi Istarta a bencin da ta saba zama.

Da muka dawo na kai wa Baba zakara da kwanon citta, na ba shi haƙuri. Na kuma tona kaina game da kwalbar sinadarin. Ya yi dariya ya ce ai tun da na faka ya ji warinta.

Shekaru sun wuce, injin nan na nan yana aiki. Duk wanda ya tambaye ni wa zai kai wa motarsa, ina ce masa ya nemi wanda zai dame shi da tambaya kafin ya taɓa kwamfuta, in ya same shi kuma ya faɗa masa gaskiya, don ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ni na ɓoye nawa, Allah dai ya haɗa ni da wanda ya saita motar bisa halina, ba bisa abin da bakina ya faɗa ba.