Minti Takwas Da Na Ɗora Wa Kakana

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gidana a Birnin Kudu, sai na jiyo sautin daka daga bayan layinmu. Rabon da in ji taɓarya a turmi har na manta, don yanzu kowa inji yake kai hatsinsa. Na ajiye jaridar da ke hannuna na kasa kunne. Sautin nan bai tsaya da ni ko'ina ba sai bakin rafin ƙauyenmu a ƙasar Gwaram, kusa da kakana. Ni kuwa duk sanda na tuna kakana, kunya ce take riga kewa isowa. Bari in gaya maka dalili, mai karatu, ko na ɗan rage nauyin da ke ƙirjina.

Kakana, mahaifin babana, shi ne ladanin masallacin garinmu. Ba babban malami ba ne, manomi ne mai izu kaɗan a ka, amma Allah ya ba shi sanin lokaci. Shekarar da aka samu 'yancin kai ina ɗan shekara bakwai, kuma a lokacin babu agogo ko ɗaya a garin. Idan rana ta take, sai ya fito filin masallaci, ya tuɓe takalmansa, ya juya wa rana baya, ya dubi inda inuwar kansa ta tsaya. Daga nan sai ya auna ta da tafin ƙafa, diddige a bakin yatsa, yana ƙirgawa a hankali. Kowane wata na shekara yana da adadin ƙafarsa, kuma duk a kansa suke. Da sanyi inuwa takan yi tsawo ta karkata arewa. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa, akwai ranakun da takan shige ƙarƙashinsa gaba ɗaya, sai ya yi dariya ya ce yau ta ɓuya. Da damina idan hadari ya rufe sama, yakan duba yadda kaji ke lafewa da yadda jikinsa ya gaya masa, kuma da wuya ya kuskure.

Da azumi kuwa, ludayin kowa a hannunsa yake. Shi ke duban gabas ya ga farin zaren alfijir, kuma babu mai ajiye ƙwaryar kunu sai ya ji muryarsa. Shekara talatin yana wannan aiki, ba a taɓa biyansa ko ƙwayar gero ba, kuma bai taɓa ɗaukarsa wasa ba.

Ka san yadda jika yake da kakansa a wurinmu. Tsokana ce halal. Ni ina ce masa tsoho, ina ce masa ya sakar mini matata, wato kakata, tunda ya tsufa. Shi kuma yana ce mini ɓarawon ƙosai, daga baya da na shiga makaranta ya koma ce mini ɗan boko. Duk abin da na faɗa masa a gaban mutane dariya ake yi, don an san wasa ne. Ka riƙe wannan, don a cikin rigar wasan nan na ɓoye wuƙata.

Na samu shiga sakandare a Birnin Kudu, kuma a can na faɗa son fiziks. Gaskiya ba fahimtarsa na fi so ba, yadda yake sa a kalle ni na fi so. Ina aji huɗu na zo hutu, kaka ta yi, an gama yankan gero, ko'ina ƙamshin sabon hatsi. Wata rana da yamma muna dawowa daga gona, ni da shi, muka tsaya a bakin rafi ya wanke ƙafafunsa. A tsallake, can nesa, wata mata tana sussuka. Ya nuna ta da haɓa.

“Ɗan boko, dubi can. Taɓarya ta sauka, sai daga baya ƙarar ta iso. Ka gani?”

Na ce na gani, ai sauti tafiya yake yi.

Ya waiga ko akwai mai jinmu, sannan ya rage murya. “To, gani fa? Shi ma tafiya yake yi? Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Idan na ce yanzu a nan, yanzun nan ita ce yanzun wancan tsallaken? Ranar da nake aunawa, ta yanzu ce ko ta ɗazu?”

Satin da za mu taho hutu malaminmu ya faɗa mana cewa hasken rana yana ɗaukar kamar minti takwas kafin ya iso duniya. Na faɗa masa haka ina hura hanci. Da muka tashi ya ce, “Kada ka gaya wa kowa na yi wannan tambayar. Za su ce na fara ruɗewa.”

Shekarun nan ne kuɗin mai suka fara shigowa, kowa ya je Kano sai ya dawo da wani abu mai ƙyalli. Wani Alhaji mai motocin haya, ɗan garinmu, ya kawo wa masallaci agogon bango, babba, mai bugawa. Sai gari ya rabu biyu. Matasa suka ce a riƙa kiran salla da agogo, dattawa suka ce inuwa ba ta taɓa cin amanarsu ba. Ranar da aka zauna a gindin ceɗiyar masallaci bayan la'asar don a yanke magana, ina tsaye a baya da farar rigar makaranta, alhali hutu ake yi. Alhajin ya hango ni ya ce, “Ga ɗan makaranta nan, a ji ta bakinsa.”

Har yau ina jin muryata. Na ce, “Ai ranar da tsoho yake aunawa tsohuwa ce irinsa, ta minti takwas da suka wuce ce. Alfijir ɗin da yake jira ma ya riga ya keto, shi bai sani ba. Shekara da shekaru kuna shan kunu bayan alfijir. Shi da bakinsa ya tambaye ni a rafi.”

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce yau jika ya kayar da kaka. Kowa ya ɗauka wasan da aka saba ne, ni ma na yi dariyar don in nuna haka ne. Mutum biyu kaɗai suka san ba wasa ba ne, ni da shi. Ya murmusa kamar yadda ake so kaka ya yi, ya ce, “Ɓarawon ƙosai ya girma.” Sannan ya lalubo takalmansa ya saka.

Aka rataye agogo. Bai yi jayayya ba. Bayan kwana kaɗan ya ce muryarsa ta gaji, a ba wani ƙanen babana ladanci. Na koma makaranta ina jin na kawo wa garinmu ci gaba.

Sai da na shiga jami'a, a shekara ta biyu, aka zo darasin da ke cewa lokaci ba ɗaya ba ne ga kowa. Malamin ya shigo bai rubuta lissafi ko ɗaya ba. Ya ce mutum biyu suna nesa da juna, ta yaya za su yarda cewa abu biyu sun faru a lokaci guda, alhali duk labarin da zai tashi daga ɗaya zuwa ɗaya sai ya yi tafiya, har hasken da suke ganin juna da shi? Ya ce daga wannan tambayar aka rushe tsohon tunani aka gina sabo, kuma manyan masana sun yi ɗaruruwan shekaru ba su yi ta da gaske ba. Ya ce babu wata yanzu guda ɗaya da ta rufe duk halitta. Abin da mutum yake da tabbas a kansa shi ne abin da ya iso inda yake tsaye.

Tambayar bakin rafi ce, kusan kalma da kalma, daga bakin mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba. Kuma a zaman nan na ga ɓarnar da na yi. Alfijir ba tashin haske daga rana ba ne, isowarsa gare mu ne. Sanda ya iso, sannan ya keto. Minti takwas ɗin nan ba su taɓa azumin kowa ba. Kakana bai makara ba ko sau ɗaya. Agogon ma, in za a bi gaskiya, da inuwarsa ya kamata a riƙa duba shi, don azahar ba ta zama a ƙarfe ɗaya duk shekara.

Za ka ce na garzaya gida na faɗa masa. Ban yi ba, kuma wannan ce kunyar da ta fi ta farko. Na je hutu sau huɗu bayan haka. Kowane zuwa da maganar a bakina nake shiga zaurensa, sai in ga akwai mutane, ko in ce sai gobe. Gaskiyar ita ce ban iya cewa na yi kuskure ba, ni da ake nunawa a gari ana cewa ga ɗan jami'a. Na lallashi kaina da cewa ya manta. Na lura ya rame, na lura sau da yawa idan an kawo fura da rana yakan ce in sha shi ya ƙoshi. Na ce a raina tsufa ne, ko azumin Litinin da Alhamis.

Ya rasu da bazara ina kudu wajen bautar ƙasa. Sai bayan sadakar bakwai na iso. Na shiga ɗakin kakata na durƙusa, ba ta tsokane ni da angona ba kamar yadda ta saba. Ta ce tun ranar ceɗiya ya fara rama azumi. Liman ya zo har gida ya ce masa babu komai a kansa, shari'a da abin da ido ya gani take aiki. Ya ce ya ji, amma yaron ya yi karatun abin, kuma jikansa ba zai yi masa ƙarya ba. Watan azumi talatin ya ɗora wa kansa, na shekarun ladancinsa. Ya rama goma sha tara, da zafi da sanyi, yana noma a haka. Na mutanen gari da ya sa suka sha kunu a makare kuwa, ya ce wannan sai dai ya roƙi gafara, kuma yakan yi kuka a kansa.

Yau a garinmu waya ce ke gaya wa ladan lokaci, kuma ban san ko akwai saura mutum ɗaya da ya iya auna inuwa da ƙafa ba. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da fiziks, na karanta wa yara darasin nan ba adadi, ana yaba mini cewa na iya sauƙaƙa shi. Ban taɓa gaya wa aji ɗaya a wurin wa na fara jin tambayar ba.

Da na miƙe zan fita daga ɗakin kakata ranar nan, sai ta kira ni. Ta ce kakana ya bar mini saƙo kwana biyu kafin ya cika, yana ganin zai tashi ya kai wani azumin.

“Ya ce in ɗan boko ya zo a tambaye shi, minti takwas ɗin nan cif suke ko da ɗoriya? Don ya san sanda zai riƙa ajiye ludayi.”