Saniyar da Ke Jiran Ubangijinta a Zakka

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, mu uku a tsohuwar motar wani abokinmu ɗan kasuwa. Ni rakiya kawai na yi. Mai lalurar shi ne na ukunmu, malamin kimiyya a wata sakandare. Shekarun baya ɓarayi suka kore garken mahaifinsa a rugarsu ta wajen Yasore, tsohon bai daɗe ba ya rasu, mahaifiyarsa ta koma cikin Batsari da zama. Kwanan nan labari ya iske ta cewa akwai saniyar tsintuwa a Zakka, kuma kamannin da aka faɗa sun yi daidai da Fure, wadda marigayin ya fi so. Sai ta ce ɗanta ya je ya gano.

Kaka ce, an yanke gero, dawa na tsaye, wasu gonakin kuwa ciyawa ta cinye su don masu su sun gudu. Muna tsayawa a shingen jami'an tsaro, mu gaisa, mu wuce. Da rana ta leƙo ta bayan duwatsu mai mota ya ce duk wanda ya ga wannan ya san akwai wanda ya yi shi. Malam bai bari ta wuce ba. Mutum ne mai salla, amma a cikinmu yakan ce shi wannan hujjar ba ta ƙosar da shi. Ya ce mun san tukunya na da magini ne don mun sha ganin ana gina ta, duniya kuwa ɗaya ce tal, ba mu ga an yi wata ba balle mu kwatanta, ƙila dai tana nan ne kurum. Mai mota ya ce "kurum" ba amsa ba ce, gajiya ce. Daga baya ya roƙe shi ya ajiye zancen sai mun sauka, don tayoyinsa sun tsufa.

A Batsari muka karya da dafaffen rogo da ƙuli, wanda ya yi tsadar da har mai tallar sai da ta ba mu haƙuri. Muka gaida Inna, mahaifiyar Malam. Ba ta tsawaita ba, ta ce wa ɗanta, "In ka je kada ka tsaya duba tsagar kunne. Ka kira ta yadda babanka ke kira." A tsakar gidan na lura da sabon turke, an kafa shi har da igiya.

Hanyar Safana ta fi ba mu wuya, ramuka da ƙura, ga 'yan acaba ɗauke da buhunan gyaɗa. Hantsi ya dubi ludayi muka isa Zakka. Wanda saniyar ke hannunsa dattijo ne manomi. Ya ce can baya, wata safiya, ya tarar da ita a bakin gonarsa ta rame, ya kai wa mai unguwa, aka yi cigiya a masallaci da kasuwa, ba wanda ya zo, aka bar masa riƙo. Tun daga nan yake ba ta dusa da harawa. Ta haihu a hannunsa, bai sayar da ɗan ba, bai kuma tsaga masa kunne da alamar gidansa ba. Ya ce, "Wagga dabba ba tawa ba ce, ubangijinta na nan tahe."

Mutanen ƙauye haka suke kiran mai abu, ubangijin gona, ubangijin jaki. Mu da muka saba jin kalmar a huɗuba kawai, sai da muka dubi juna. Mai mota ya yi murmushin wanda ya ci gardama. Malam ya tambayi dattijon, "Baba, in kuma ba ta da shi fa?" Dattijon ya ce bai taɓa tunanin haka ba, amma ko yana nan ko ba ya nan, yamma na yi sai ta ci.

Malam ya zagaya saniyar. Tun yana yaro ya tafi makarantar kwana, bai riƙe tsagar garkensu ba, launin kuma irin na shanu da yawa ne. Ƙarshe ya ja baya, ya gyara murya, ya yi kiran da Fulatanci. Ni kaina na ji tausayinsa. Saniyar ta ɗago kai, ta dube shi jim, ta mayar da bakinta cikin harawa.

Dattijon ya ce in Malam ya rantse tasu ce, ya kwance ta. Malam ya ce ba zai rantse kan abin da bai tabbatar ba. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka a zauren, muka yi sallama muka juyo. Har Batsari ba wanda ya tayar da zancen safe.

Inna na jin tsayuwar mota ta fito tana duban bayanmu. Ta ce, "Ka kira ta?" Ya ce ya kira. "Ta ɗago?" Ya ce ta ɗago, amma kowace saniya in ta ji ƙara tana ɗagowa. Ta ce, "Tamu ce." Ya ce shi dai ya kasa rantsewa. Ta ce to gobe ita za ta je da kanta, ta rantse.

Kafin magariba muka shigo Katsina. Abin da na dawo da shi ɗan kaɗan ne: ɗagowar kai ɗaya aka yi a Zakka, uwa da ba ta gani ba, ta ishe ta hujja, ɗan da ya gani da idonsa kuwa, ba ta ishe shi ba, kuma ban ga maƙaryaci a cikinsu ba. Da muka sauke Malam a ƙofar gidansa ya leƙo ta taga ya tambayi mai mota ko tayoyin za su iya komawa gobe, don shi zai kai Inna.