Farin Dutsen Kyaftin

Wata rana, wata Asabar a tsakiyar damina, na je filin golf da sassafe.

Kar ku yi dariya.

Likita ne ya dubi tumbina ya ce ko in soma tafiya da ƙafata, ko nan gaba kaɗan mutane su yi tafiyar da ni a kafaɗa. Ni kuma ba zan iya yawo a bakin titi haka kawai ba kamar wanda babur ɗinsa ya mutu. Shi ne wani mai sayen taya a shagona ya kai ni golf.

Tafiyar ce dai. Amma da sanda a hannu da hula a ka, sai ta yi kama da aiki.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Wata 'yar farar ƙwallo ce kake bugu da sanda har ka jefa ta a rami, ka wuce rami na gaba. Kowane rami yana da wurin da ake tsayawa a yi bugun farko. Shi ake ce wa ti. A filinmu duwatsu aka shafa wa fenti aka ajiye bibbiyu, don kowa ya san nasa.

Farin dutse yana can baya, nesa da rami. Na masu ƙarfin kafaɗa ne.

Rawaya a tsakiya, na irinmu 'yan lallaɓawa.

Ja kuma a gaba, kusa-kusa.

Babu wanda ya hana namiji bugu daga ja. Amma mutane sun riga sun ce na mata ne, kuma maganar ta zauna.

To.

A ranar na tarar da wasu dattawa uku suna jiran na huɗu. Abokin wasansu ya tafi ɗaurin aure Zariya. Mai sallamar 'yan wasa ya waiga ya gan ni ina cin ƙosai, ya ce, “Mai Taya, shiga cikinsu.”

Na shiga.

Na farko dogo ne, farin wando mai karin guga, farin gashi, farar safar hannu. Ban san sunansa ba har yau. Kyaftin kowa ke ce masa, don ya taɓa shugabantar kulob ɗin tun ina makarantar firamare ina gudu daga aji. An ce a zamaninsa idan ya buga ƙwallo sai an sa hannu a goshi kafin a ga inda ta sauka.

Na biyu Alhaji Maikano, mai hawan jini da yawan duba agogo.

Ta uku Sista Talatu, tsohuwar nas, gajeriya, 'yar kawun Kyaftin ce. Taubasai ke nan. Ba ta kiransa Kyaftin. “Bawana” take ce masa, a gaban kowa.

Aka fara wasa.

Kyaftin ya taka zuwa farin dutse. Ya gyara tsayuwa, ya dubi nesa kamar mai neman jinjirin wata. Ya ɗaga sanda.

Tsayuwar ta da ce. Ɗaga sandar ma ta da ce.

Ƙwallon ce kawai ba ta san da wannan tarihin ba.

Ta tashi kaɗan, ta karkata dama, ta shige ciyawa. Kun san ciyawar damina. Ko akuya ta shiga sai an bi ta da kira.

Sista Talatu ta je jan dutsenta ta buga. Ƙwallonta ba ta tashi sama, ba ta wani burgewa, amma miƙe take tafiya kamar ma'aikacin da aka tashi daga ofis.

Sai muka dawo neman ta Kyaftin.

Rami na gaba, haka.

Na gabansa, haka.

Ni dai na zo rage tumbi, sai ga ni ina kiwo ba dabba.

A bayanmu kuwa wasu samari ne 'yan banki, sun riƙe ƙugu suna jiran mu matsa. A golf ba a yi wa na gaba ihu. Kallo kawai ake yi, kallon kuma har ƙeyarka kake jin sa.

Muna cikin ciyawar ne Alhaji Maikano ya matso kusa da ni, ya rage murya.

Ya ce kulob ya riga ya ja musu kunne. Idan suka sake tare hanya, za a cire su daga layin safe a mayar da su tsakar rana. Shi kuma da hawan jininsa ba zai iya rana ba. Don haka sun yanke shawara, shi da wanda ya tafi Zariya: idan yau ma aka makara, Asabar mai zuwa ba da Kyaftin ba.

Na ce, “Alhaji, ya sani?”

Ya ce, “Ya sani sarai. Mun ce ko rawaya ya dawo, ya ƙi. Kuma tsakani da Allah, yanzu rawayar ma ta yi masa nisa.”

Ya ƙara da cewa tun da mutumin ya ajiye aiki 'ya'yansa suka watse garuruwa, wannan wasan na Asabar ne kaɗai ke fito da shi daga gida. Tun ranar Alhamis yake goge takalminsa.

Na dubi Kyaftin can cikin ciyawa har gwiwa, farin wandon nan ya soma komawa kore.

Ni kun san ni. Ba na iya ganin abu in bar shi yadda yake.

Akwai wani rami a gabanmu mai rafi a tsakiya. Daga fari, sai ka yi bugun gaske kafin ƙwallo ta tsallake. Daga ja, rafin yana gabanka, ko da tari ka buga za ta haye. Wurin rawaya kuwa ruwa ya kwanta a kai, an kwashe duwatsun. A ranar ko fari ko ja, babu tsakiya.

Kuma an ce min a rafin nan Kyaftin ya fi ɓata lokaci. Ya buga ta faɗa ruwa, ya sake, ta faɗa, ya sake.

Sai na ce musu zan kewaya.

Na bi ta bayan itatuwa na riga su zuwa. Na ɗauki fararen duwatsun nan na kai su gaba. Na kwaso jajayen na kawo su baya.

Jama'a, dutse ba ƙosai ba ne.

Na dawo ina haki, rigata ta jiƙe. Sista Talatu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Wannan kewayawar taka sai an kai ka asibiti.”

Lissafina mai sauƙi ne. Mutumin nan fari yake so, to ga fari an kai masa bakin rafi. Ya buga ya haye, kowa ya huta.

Muka iso.

Ti na baya yana ƙarƙashin wani babban maɗaci. Daga baya na ji cewa Kyaftin ne da kansa ya sa aka gina wurin, lokacin yana shugaba. Wannan ne ban sani ba.

Ya tsaya. Ya dubi jajayen duwatsu a gindin maɗacinsa. Ya ɗaga kai ya hango farare can gaba. Ya juyo ya dubi rigata.



Alhaji Maikano ya gane da wuri. Ya yi gyaran murya ya ce, “Af, ashe an sauya tsari. To ai sai mu ƙarasa gaba, Kyaftin, ga fari can.”

Kyaftin ya ɗan motsa ƙafa. Wallahi na ga alamar zai bi. Hanya ce aka buɗe masa, ba wanda zai ce ya sauka daga fari.

Sai muka ji ƙarar jaka a ƙasa.

Sista Talatu ce. Ta ajiye jakarta a gindin maɗaci, ta zaro sanda, ta durƙusa ta soka ɗan tsinken ɗora ƙwallo a tsakanin jajayen duwatsun.

A nan na tuna abin da na manta.

Na tsara wa mai fari hanya, na manta akwai mai ja.

Kyaftin ya ce, “Talatu, me kike yi?”

Ta ce, “Daga ja nake bugu. Ga ja.”

Ya ce, “Ke ba za ki tsallake rafin nan daga nan ba.”

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Kai ma ba ka tsallakewa, bawana. Ka fasa zuwa?”





Ta gyara tsayuwa, 'yar tsohuwa da ɗankwali a ƙarƙashin hular rana, tana duban rafin da ko a mafarki ƙwallonta ba za ta kai ba. Ta dubi nesa kamar mai neman jinjirin wata. Irin tsayuwarsa sak.

Ban san me ya gani ba. Ina jin dai karo na farko ke nan da ya tsaya a gefe ya kalli abin da mutane ke kallo duk Asabar.

Ya ce, “Cire tsinkenki.”

Ya juyo kaina. “Kai, mai tumbi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe.”

“Mayar wa mutane da duwatsunsu.”

Na ce, “Baba, ai ni ban...”

“Akwai jan fenti a tumbinka.”

Na duba. Akwai.

Haka na sake kwasar duwatsun nan a gaban 'yan banki. Fari ya koma gindin maɗaci, ja ya koma bakin rafi. Babu wanda ya taya ni. Alhaji Maikano ma agogonsa ya duba.

Da na gama, Kyaftin ya tsaya a kan farin dutsensa. Ya ɗan jima. Ya sa ƙafa ya gyara wa ɗaya zama, don na ajiye shi a karkace.

Sai ya ja jakarsa ya wuce.

Ya wuce wurin rawaya da ruwa ya cinye.

Ya je ya tsaya tsakanin jajayen duwatsu, a fili, rana ta fito, 'yan banki na kallo.

Ya ce, “Talatu, ke ce 'yar gida a nan. Ina ake sa ƙafa?”

Ta ce, “A ƙasa, kamar kowa.”

Ya buga.

Ba wani bugun tarihi ba ne, kar in yi muku ƙarya. Ƙwallon ta tashi daidai misali, ta haye rafin, ta faɗa kan gajeriyar ciyawa, ta gangara ta tsaya a inda kowa ke ganinta.

Ba wanda ya tafa. Shi ma bai yi murmushi ba.

Amma babu wanda ya shiga ciyawa.

Sauran ramukan duk daga ja ya buga. Sau ɗaya ƙafarsa ta nufi fari da kanta, Sista ta yi tari, ya dawo. Tafiya ta miƙe. Can na waiga ban ga 'yan banki ba, mun bar su a baya suna neman tasu ƙwallon a cikin ciyawa. Na riƙe ƙugu na ɗan kalle su, don a san duniya juyi take.

Da muka fito, mai sallamar 'yan wasa ya dubi agogo, ya dube mu, ya ci gaba da shan shayinsa.

A wurin ajiye motoci na ji Kyaftin yana cewa, “Talatu, wannan maganar ta tsaya a nan.”

Ta ce, “Ka makara, bawana. Hotonka yana wayar dangi tun muna bakin rafi.”

Ya ce, “Allah ya isa.”

Ta ce, “Amin. Asabar ka zo da wuri.”

Asabar da ta biyo baya na je. Mutumin Zariya ya dawo, don haka ba a neme ni ba. Ina zaune da ƙosaina na hango su huɗu a layin safe. Takalmin Kyaftin yana ƙyalli. Ya wuce farin dutse ko kallonsa bai yi ba.

Ni kuwa sai da na yi kwanaki ina shafa man zafi a baya.

Darasi:

Ƙarfin jiya ba ya buga ƙwallon yau. Ka tsaya inda kafaɗarka za ta kai, ba inda aka san ka a da ba. Matsowa gaba ba fita daga wasa ba ne. Ƙin matsowar ne ke fitar da mutum, ya rasa wasan, ya rasa abokan wasan.

Kuma idan kana da wani naka da ya maƙale a farin dutse, kar ka sauya masa duwatsu kamar yadda na yi. Ya san inda maɗacinsa yake. Ka nemo masa wanda zai faɗa masa gaskiya ya ji haushi, ya kuma dawo Asabar.

Kowane gida akwai Kyaftin. Tura wa naku wannan. Idan ka duba ko'ina ba ka ga wanda za ka tura wa ba, to ka sake karantawa a hankali.