Gurbin Yatsan Kaka

Maƙwabta sun cinna wa ƙaiƙayin shinkafa wuta a bayan gida, hayaƙin ya biyo ta taga ya same ni a kan tabarma. Kai mai karatu, wataƙila tari kawai zai sa ka. Ni kuwa ya mayar da ni gidanmu na kusa da Kaoje, ya tono mini wani haushi da na zaci tsufa ya cinye shi. Ashe yana nan daram.

Gidanmu gidan magina ne, amma ba tukunyar miya muke ginawa ba. Kayan makewayi ne sana'armu: buta, kaskon wanka, bakin salga da murfinsa, da indararon da ke fitar da ruwan wanka waje. Mutane su yi mana dariya a kasuwa, su kuma zagayo su saya. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce uwar aikin. Da ruwan Kwara ya ja baya sai mu bi ta fadama mu haƙo yumɓu, mu tattake shi da ƙafa har cinyoyinmu su yi tsami. Ita ta gina, mu jikoki mata mu goge, a shanya, in sun bushe a lulluɓe su da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu a gasa. Aikin rani ne. Da zarar ruwa ya sauka an rufe gashi, sai wata shekara.

Kaka tana da ƙa'ida guda wadda ba ta wasa da ita. Duk butar da ta gina don shiga bayi, kafin ta bushe sai ta danna babban yatsanta na hagu a wuyanta, ya bar gurbi. Ta alwala kuwa sumul take barin ta, domin ruwanta baki yake shiga. Daga Zagga har Lafagu, ko kai baƙo ne, ko idonka a rufe, kana kai hannu ka san wadda ka ɗauka. Ba sai ka buɗe baki ka tambayi matar gida abin kunya ba.

Ina 'yar yarinya Nasara suka jera duwatsu yamma da mu, aka ce daga nan ƙasar Faransa ce. Dendawan da muke cin kasuwa ɗaya da su suka wayi gari mutanen wata ƙasa. Ba a jima ba masu gudun aikin tilas suka fara tsallakowa suna kafa bukkoki, kowace bukka kuma tana son buta da kasko. Sai ga shela wai kowane gida ya haƙa salga. Kasuwa ta buɗe mana. Baba, wanda a da jaki ɗaya yake korawa da kayan, ya sayi jirgin ruwa, ya kafa doguwar rumfa, ya tara matan unguwa suna gini. Ba zan ɓoye maka ba, mun ci nama a shekarun nan, na kuma ɗaura sabon zane ba salla ba.

A nan ne Baba ya lura cewa buta mai gurbi mai neman ta bayi kaɗai ke sayenta, marar gurbi kuwa kowa na ɗauka, kuma ba sai an tsaya rarrabewa wajen lodi ba. Ya ce wa matan rumfa su daina.

"Inna, wagga alama tana tsai da muna kasuwa," in ji shi. "Wanda yas saya shi san abin da za shi yi da kayanai."

"In ya mance hwa?" in ji Kaka, tana kallon ƙasa.

"Shi ta shahwa, Inna."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Baba ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya ja-in-ja da shi. Na tsaya a bayan zana ina jira ta ɗaga murya, ta buga wani abu da ƙasa, ta tuna masa hannun wa ya fara aikin. Ba ta yi ba. Har yau in na tuna wannan kunyar tata, sai in ji kamar in cije yatsana.

Bayan haka yanar ido ta soma rufe wa Kaka gani, ta bar gini. Wata rana akuya ta ture tsohuwar butarta ta bayi, ta tarwatse. Ka duba abin takaici: gida maƙil da butoci har ba wurin taka ƙafa, babu ko ɗaya mai gurbi. Matan rumfa su ɗauki wadda hannunsu ya kai, su ajiye inda suka ga dama. Na ɗaura mata kaba a wuyan ɗaya, yara suka kwance suka yi zobe da ita. Na sake ɗaurawa, aka wanke butar kabar ta bi ruwa. Ƙarshe dai matar da ta raba gari guda da tambaya ita ce ta koma tambaya, a gaban surukanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke 'yan nan, wagga ta alwala ta, ko ta bayi?"

Da aka zo gashin ƙarshe na ranin nan, na ɗauko ɗanyar buta daga rumfa na aza mata a cinya. Ta shafa wuyan, ta danna yatsanta, ta yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba. Na gaya wa Baba ta Kaka ce, ya ce to, a ajiye mata. Ranar da aka buɗe gashin, wani bafatake daga tsallaken iyaka ya zo yana gaggawa saboda hadari ya haɗu. An aike ni ɗebo ruwa. Kafin in dawo an kwashe kayan da ɗuminsu, har da butar Kaka. Na yar da tulu na ruga bakin gulbi, sai bayan jirgin bafataken na hango.

"Ah! Na sha'ahwa," in ji Baba. "Bari rani, a yi mata goma."

Ba mugu ba ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da a ce da gangan ya yi, da na san inda zan ajiye fushina. Washegari ruwa ya sauka. Kaka ta yi ta tambaya har tsakiyar damina, daga baya ta gaji, sai ta zauna da buta a cinya tana jira in gitta in faɗa mata ba tare da ta tambaya ba. Ba ta ga ranin ba, ta rasu shinkafa tana cikin ruwa.

Yanzu jikokin ƙanena suna da babban shago a Bagudo. Butocin roba ne da bakin salga na siminti, motoci suna kwasa har tsallaken iyaka. In baƙo ya zo sai su yi ta fahariya wai kakar kakanninsu ta kafa sana'ar. Sun aiko mini da butoci biyu masu kyau, suka ce ja ta bayi, shuɗiya ta alwala, ba yadda za a yi in rikice. Na gode musu. Ba wanda ya tuna cewa nawa idon ma ya tafi. Nakan shafa wuyansu duka biyun, sumul, sai in zauna a bakin ƙofa in jira wani ya gitta.