Abin da Na Faɗa wa Likita a Dakoro

Ranar Talata ce, lokacin kaka. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗumama tuwon jiya. Maigidana, Baban Nana, ya dawo daga masallaci tare da ƙanensa Lawali. Suka ci suna gardama a kan wani rago da Lawali yake son kaiwa kasuwa. Ƙauyenmu yana kudu da Maradi, kusa da iyaka. Hatsi ya yi kyau a shekarar, dammuna jibge a gindin rumbu.

Da hantsi suka fara zuba hatsin. Baban Nana ya shiga cikin rumbu yana jerawa. Lawali yana kan tsani yana miƙa masa. Ni ina daka a tsakar gida, 'yarmu Nana tana goye da ƙanenta Ibro.

Na ji ƙara daga gabas. Na ɗauka injin niƙa ne. Sai ƙarar ta rabu biyu, wata ta bi ta bakin rijiya, wata ta bayan lakwal, makarantar bokon garinmu. Moto ne, wato babura, da yawa, kowane da goyon mutum mai bindiga. Harbin farko ya watsa kaji.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

"Ina shanun? A fito da su!"

Na fizgi hannun Nana, muka bi ta ɓarakar darni muka faɗa gona. Ba a sare kara ba tukuna, shi ya rufe mu. Muka kwanta cikin wani kwari tare da wasu mata. Rana ta zo tsaka ta wuce. Iska tana kawo mana warin hatsi mai ƙonewa, kamar ana gasa tumu.

Da la'asar ƙarar ta ɗauke, muka koma. Rumbunan maƙwabta sun zama toka. Namu yana tsaye. Lawali yana kwance rubda ciki a gindin tsani. Murfin rumbun a rufe yake, kuma daga waje aka rufe shi.

Maza suka ɗaga murfin. Baban Nana yana zaune a kan dammuna, hannuwansa a kunnuwa. Na kira shi, bai dube ni ba. Sai da aka cicciɓo shi. A wurin jana'izar ƙanensa ya tsaya cikin sahu, amma bai ɗaga hannu ya yi kabbara ba.

Washegari muka bar garin. Wani maƙwabci ya ɗauke mu a amalanken jaki har bakin kwalta. Motar hatsi ta kai mu Maradi. Daga nan muka bi ta Kornaka zuwa Dakoro, wurin kawuna Alhaji Ada, mai sayar da hatsi. Ya ba mu ɗaki kusa da zaure.

Na zaci nisa zai yi masa magani. Amma Dakoro gari ne na kabu-kabu, tun safe moto ke wucewa. Da ya ji ƙarar sai ya shige ƙarƙashin gado. Ba ya yarda a rufe ƙofa. Wani lokaci yana zaune sai ya miƙa hannuwa sama, kamar ana ba shi wani abu, ya daɗe a haka. An yi rubutu, an yi turare. Damina biyu ta wuce bai riƙe hauya ba. Kawu bai taɓa gajiya da mu a baki ba, amma ina ganin tiyar da ake auno mana tana raguwa.

Wata ma'aikaciyar biro, wato ofishin taimakon jama'a, Madam Hadiza, ita ta gaya mini cewa ba guragu da makafi kaɗai ake ƙidayawa cikin naƙasassu ba. Ta ce wani likitan ƙwaƙwalwa zai zo daga Maradi. Shi zai duba ya faɗi ko ciwon mai sauƙi ne, ko matsakaici, ko mai tsanani. A kan maganarsa za a ba mutum kati na magani da taimakon abinci, ko a hana shi.

Ranar da likitan ya zo, na wanke masa babbar riga, ya sa hula. Da muka shiga layi na dube shi. Ya fi kowa kama da mai lafiya.

Likitan saurayi ne, mai magana a hankali. Na roƙe shi ya bar ƙofa a buɗe, ya bari.

"Baba, yaya jikin?"

"Alhamdu lillahi."

"Kana samun barci?"

"Ana samu."

"Aikin gona fa?"

"In damina ta zo."

Ya tambaye shi ranar mako da sunan garin da muke, ya faɗa daidai. Likita ya juyo gare ni.

"Inna, ke da kike tare da shi, mi kike gani? Ko Baba ya jira a waje?"

A waje ana jin titi. Baban Nana ya kama bakin zanena bai saki ba. Don haka a gabansa na yi magana.

Ban taɓa faɗin aibin mutumin nan ko a wurin uwata ba. Ranar na faɗa duka. Na ce ni nake yi masa wanka. Na ce ni nake tuna masa yawan raka'a. Na ce yana jiƙa shimfiɗa. Na ce yana kiran sunan Lawali cikin dare. Ina magana ina kallon ƙafafunsa, yatsunsa suna motsi cikin takalmi.

"Ya taɓa ji wa kansa ciwo, ko wani?"

Wannan ko Kawu bai sani ba.

"Inna, in ban ji ba, ba zan iya rubutawa ba."

Sai na faɗa. Wata rana mai moto ya tsaya daidai ƙofar zaure, Ibro ya fara kuka. Ubansa ya ja shi ƙarƙashin gado ya toshe masa baki da hanci. Ina wurin murhu. Da na iso, yaron ya daina motsi. Sai da na ciji hannun uban ya saki. Na yayyafa wa Ibro ruwa ya dawo.

Likita ya ajiye alƙalami. Ya matso da kujerarsa.

"Baba, wane ne Lawali?"

Baban Nana ya ɗago kai, karo na farko tun shigarmu.

"Ƙanena ne. Yana waje, yana miƙo hatsi. Ya ce kada in yi motsi sai ya buɗe."

Likita ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce mini ciwon mai tsanani ne, amma ana samun sauƙi. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce mu riƙa dawowa, ya ce kada a bar shi da yaro su kaɗai.

Muka koma gida ta lungu don gudun titi. Yana gaba, ina baya. Kusa da gidan Kawu ya tsaya, bai juyo ba.

"Zuwaira, maganar yaron nan, haka aka yi?"

"Haka aka yi, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya shiga zaure.

Katin ya fito. Muna karɓar magani, hatsi yana zuwa wani lokaci. Yanzu yana barci, har yana taya Kawu ɗinke buhuna in kasuwa ta lafa. Ya daina shiga ƙarƙashin gado sai nadiran.

In mutanen Dakoro suka tambaye ni abin da muka rasa, nakan ce Lawali, da shanunmu, da gida. A nan nake tsayawa. Ibro ya yi wayo yanzu, yana gudu. Da yamma yakan rugo wurin ubansa da hannuwa a sama, yana son a ɗauke shi. Uban sai ya yi masa murmushi, ya mai da hannuwansa baya, ya kira Nana ta zo ta ɗauki ƙanenta.